Hukuncin Awon Zuciya Ga Magidanci Mai Buga Ƙwallo

TAMBAYA:

Shekarata 47, ni da abokaina muna buga ƙwallo duk safiyar Asabar a nan Tudun Wada, Zariya. Wani likita a cikinmu ya ce duk wanda ya haura shekara 40 ya je a auna zuciyarsa, wasu kuma suka ce neman ciwon da bai zo ba rashin tawakkali ne. Mene ne gaskiya?

AMSA:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, awon lafiya bai saɓa wa tawakkali ba. Tawakkali shi ne zuciya ta dogara ga Allah, gaɓoɓi kuma su riƙi sababi. Annabi (SAW) ya sanya sulke biyu ranar Uhudu, ya kuma umurci mai raƙumi da ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Sayyidina Umar ya juya da mutane daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can. Ajali ba ya gaba ba ya baya, amma shi ma sababin yana cikin ƙaddara.

Likitoci sun bayyana cewa mafi yawan mutuwar fuju'a a filin wasa ga wanda ya wuce shekara 35, toshewar jijiyoyin da ke shayar da zuciya ce ke kawo ta. Kitse kan taru a cikinsu shekara da shekaru mutum bai sani ba, sai ranar da gudu ya matsa wa zuciya. Hawan jini, ciwon sukari, shan taba, ƙiba da gado suna ƙara hatsarin.

Ko matasa ba su tsira ba. Samuel Okwaraji ya faɗi ya mutu a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, yana da shekara 25. Shi kuwa Nwankwo Kanu, awo ne ya gano matsalar zuciyarsa a 1996, aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo ya yi shekaru yana wasa.

Hukuncin kashi biyu ne:

1. Wanda ba ya jin komai: mustahabbi ne ya yi awo, musamman idan ya daɗe bai motsa jiki ba, ko mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon zuciya kafin shekara 55.

2. Wanda ke jin nauyi ko zafi a ƙirji lokacin gudu, ko haki da ya wuce ƙima, ko jiri, ko ya taɓa suma: wajibi ne ya dakata da wasa har likita ya duba shi. Shari'a ta hana mutum jefa kansa cikin halaka, ga kuma haƙƙin iyali a wuyansa.

Ana fara awon da hawan jini, wanda bai kamata ya riƙa kai 140/90 ba, sai sukari da kitsen jini, sai gwajin bugun zuciya da ake kira ECG. Idan likita ya ga dalili, ya tura ka wajen likitocin zuciya, irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ɗibar jini kaɗan domin gwaji ba ta karya azumi.

Mata masu motsa jiki ma sun shiga wannan hukunci, musamman bayan ɗaukewar al'ada, domin hatsarin yana ƙaruwa a lokacin. Su nemi likita mace idan da hali, in babu to lalura ta halatta namiji gwargwadon buƙata.

Kada tsoro ya sa ku bar wasan, motsa jiki kansa kariya ne ga zuciya. Ku yi awo, ku bi shawarar likita, ku rufe al'aura, kada wasa ya ci lokacin sallah.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.

Wallahu a'alam.