Wa Zai Mayar da Ɗan Kallo Gida? Ingila da Jamus Bayan An Tashi Wasan Dare

Zuwa kallon ƙwallo ba ya ba kowa wahala. Mutane kan taso ne a rarrabe, wani daga wurin aiki, wani tun la'asar yana cikin gari, kuma jiragen ƙasa na kwasarsu kaɗan-kaɗan ba tare da an ji nauyinsu ba. Rigimar tana wajen komawa. Da alƙalin wasa ya hura usur ɗin tashi, wajen ƙarfe goma na dare, mutum dubu sittin ko tamanin za su miƙe lokaci guda, kowa na neman tasha ɗaya, a daidai sa'ar da jirage suka fara ƙaranci. Ingila da Jamus duka ƙasashe ne na ƙwallo da layin dogo, amma kowacce da yadda ta ɗauki wannan sa'a.

A Jamus, yawancin ƙungiyoyin Bundesliga sun haɗa kuɗin sufuri cikin kuɗin shiga fili. Tsarin ana kiransa Kombiticket: tikitin wasanka shi ne tikitin bas da jirgin ƙasa na yankin, zuwa da dawowa. Wanda zai je kallon Borussia Dortmund daga Essen ko Bochum ba ya bin layin sayen komai, shiga kawai zai yi ya sauka a tashar da ke gindin filin Signal Iduna Park, mai ɗaukar mutum sama da 81,000. Jirage masu gudu na dogon zango irin su ICE ba sa ciki, amma waɗannan garuruwa na yankin Ruhr a manne suke da juna, ƙananan jiragen sun wadatar. Amfanin abin ya wuce rangwamen kuɗi. Tunda ƙungiya ta riga ta biya hukumar sufuri, hukumar ta san taron yana wuyanta, dole ta ƙara jirage a daren.

A Ingila kuwa, ƙungiya ta sayar maka da kujera, sauran kuma kai ka sani. Tun kakar 2016 aka ƙayyade cewa tikitin magoya bayan baƙi a gasar Firimiya kada ya wuce fam 30, abin a yaba. Sai dai kuɗin jirgi daga Newcastle zuwa Landan, tafiyar kusan awa uku, yana iya ninka wannan sau da yawa in ba a saya da wuri ba. Tikitin mai araha kuma a ɗaure yake da jirgi guda, rana guda. Nan ne gidajen talabijin ke shigowa. Wasan da aka sa ranar Asabar da rana sai a wayi gari an mayar da shi daren Litinin ko Juma'a ƙarfe takwas, don Sky ta haska shi. Wanda ya yi saurin saye ya yi asara, wanda ya jira ya sayi tsada. Mafi muni, a doguwar tafiya jirgin ƙarshe kan tashi kafin mutum ya iya fitowa daga fili ya kai tasha. Zaɓinsa uku: ya fice ana tsakiyar wasa, ya kama ɗaki a otal, ko ya hau bas ya isa gida da asuba, ga aiki na jiransa. Mu da ke zaune a gidajen kallo a Kano ko Maraɗi wasan dare daɗi yake mana, an gama harkokin yini, an yi sallar isha'i. Da wuya mu tuna cewa 'yan tsirarun da kyamara ke nunowa a kusurwar baƙi suna ta duba agogo.

Jamusawa ma an gwada musu wasan daren Litinin, a kakar 2017/18. Ba su karɓa ba. A Fabrairun 2018 magoya bayan Eintracht Frankfurt suka yi ta jefa ƙwallayen tanis cikin fili lokacin wasansu da RB Leipzig, mako guda bayan haka dubban 'yan Dortmund suka ƙaurace wa wasansu da Augsburg. Kukansu ɗaya: ma'aikaci ba zai iya ratsa ƙasa ranar Litinin ya dawo cikin dare ba. Kafin shekarar ta ƙare hukumar gasar ta sanar cewa za ta daina, aka kuma daina daga kakar 2021/22. Dalilin da ya sa aka saurare su ba ɓoyayye ba ne. Dokar 50+1 ta bar rinjayen ƙuri'a a yawancin ƙungiyoyi hannun mambobi, don haka ɗan kallo mai gida ne. A Ingila, abokin ciniki ne. A Afrilun 2022 an kai Liverpool da Manchester City wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA a filin Wembley na Landan, a ƙarshen makon da aka rufe tashar Euston, inda jiragen garuruwansu ke sauka, don gyara. Garuruwan biyu maƙwabta ne a arewa, magoya baya da magadan gari suka roƙi a sauya fili, hukumar FA ta ƙi, ta ba da bas 100 kyauta.

Duk da haka, kada a ɗauka tikitin kyauta shi ne isa gida. A gasar Euro 2024 Jamus ta ba kowane mai tikitin wasa awa 36 na sufurin yanki ba ko sisi, amma daren 16 ga Yuni, bayan Ingila ta ci Sabiya ɗaya da nema a Gelsenkirchen, abin ya watse. An fara wasan ƙarfe tara. Filin yana da tazara daga tsakiyar gari, kuma kusan kowa ya dogara ne da layi guda na ƙananan jiragen da ke bin titi. Mutane suka yi cirko-cirko awanni, waɗanda suka samu kaiwa babbar tasha suka tarar da wani sabon jira. Kamfanin jiragen ƙasa na Deutsche Bahn dama ya daɗe da yin suna wajen makara.

A nan Landan ta yi wa Jamus fintinkau. Wembley na ɗaukar mutum 90,000, kuma tashoshi uku ke kewaye da shi: Wembley Park, Wembley Stadium da Wembley Central. 'Yan sanda kan tsayar da jama'a a titin Olympic Way, su riƙa sakinsu rukuni-rukuni kamar ana buɗe wa ruwa hanya a fadama, jiragen ƙarƙashin ƙasa na kwashewa duk bayan 'yan mintoci. Tsayuwar da gajiya, amma layin yana motsi. Sai dai wannan gatan mazaunin Landan ne. Shi an kai shi unguwarsu kafin sha biyu, ɗan Newcastle kuwa an kai shi tashar King's Cross ne kawai, inda allo zai gaya masa jirginsa sai gobe.

In aka ba ni zaɓi, tsarin Jamus zan ɗauka, da makararsa da komai. Daren Gelsenkirchen gazawa ce da ta jawo surutu, jaridu suka yi ca, hukumomin garin suka fito suna kare kansu. A Ingila, baƙon da ya rasa jirgin ƙarshe ba shi da wanda zai tuhuma: ƙungiya za ta ce ba ita ta sa lokaci ba, gidan talabijin ya ce yarjejeniya ce, kamfanin jirgi ya nuna masa jadawalin da aka buga tun watanni.