Kafin ka hau bayan giwa a Tailan, ga abin da ya kamata ka sani

Duk wanda ke da ɗan'uwa mai zuwa Bankok saro kaya ya san wannan hoton: mutum zaune bisa kujera a bayan giwa, yana washe baki. Hoton dai ya yi kyau. Amma ta yaya aka yi dabbar da nauyinta ya kai tan 3 ta yarda ana hawanta kamar jaki?

A da aikin giwayen Tailan jan gungumen katako ne a daji. A 1989 gwamnati ta hana sare dazuzzuka, bayan wata mummunar ambaliya da aka yi a shekarar da ta gabata. Masu giwaye suka wayi gari ba aiki, ga giwa ɗaya tana cin abinci kusan kilo 150 a rana. Sai aka juya su ga masu yawon buɗe ido: hawa, rawa, buga ƙwallo, har da zane.

Ita giwa ba a haife ta da wannan ladabin ba. Tun tana ƙarama ake raba ta da uwarta, a ɗaure ta a wani matsattsen keji, a yi ta duka da hana ta barci har sai ta daina gardama. Daga nan ƙugiyar ƙarfen da ke hannun mai kula da ita ce ke tuna mata. Ga kuma kujerar, da ke zama daidai kan ƙashin bayanta tana yi mata gyambo.

To yanzu da mutane suka fara wayewa, wurare da dama sun sauya allo, kowa ya koma kiran kansa "mafakar giwaye". Kada allo ya ruɗe ka. Idan ana hawa, ko ana wasa da su, ko ka ga sarƙa gajera a ƙafa, kasuwa ce kawai. Wanka da giwa ma, da ake tallatawa a matsayin abin tausayi, yana da nasa haɗari: a Janairun 2025 giwa ta kashe wata ɗaliba 'yar Sifaniya tana cikin yi mata wanka a tsibirin Koh Yao Yai. Wurin da aka fi kafa misali da shi shi ne Elephant Nature Park, kilomita kusan 60 daga Chiang Mai, wanda Saengduean Chailert, da aka fi sani da Lek, ta kafa. Can akwai makafin giwaye da waɗanda suka taka nakiya. Ba a hawa. Kallo za ka yi suna kiwo, kuma a ganina kuɗinka ya fi halatta a nan.

Mu da ke Legas da Ibadan ma ba sai mun nemi biza ba. A dajin Omo na jihar Ogun akwai giwayen kurmi, irin da a 2021 aka saka cikin dabbobin da ke gab da ƙarewa. Ƙungiyar Nigerian Conservation Foundation, mai kula da wurin nan na Lekki, tana aiki a can, kuma akwai sansanin da ake kira Erin, wato giwa da Yarabanci. Masu sare katako da masu gonakin koko na ta cin dajin, ga shi giwa sai ta yi wata 22 da ciki kafin ta haifi ɗa ɗaya. A duk Najeriya ana ƙiyasin ba su wuce 400 ba, babban garkensu yana Yankari a Bauchi.

Sai dai ka je da haƙuri. Na Omo suna gudun mutane, ƙila ka wuni kana tafiya da ɗan jagora, sawunsu da kashinsu kawai za ka gani. Ka tuntuɓi ƙungiyar kafin ka kama hanya, kada ka shiga dajin kai kaɗai.