RAMIN SHAN RUWA, DA ABIN DA YA KAMATA A SA CIKINSA

Ya kai maigida, ka sani ruwan da ke kayar da gini da damina shi ne wanda ya zubo daga indararo ya kwanta a gindin bango. Sai ya jiƙa tushe, tubali ya narke, a wayi gari cikin watan Agusta soro ya zube. Sauro kuwa kwana 10 sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo. Maganin wannan shi ne ka haƙa rami, ka ja kwata zuwa gare shi, ƙasa ta shanye ruwan.

Da fari gwada ƙasarka. Tona ɗan rami zurfin ƙafa 1 a inda kake nufi, ka cika shi da ruwa da maraice. Kadan da safe ka tarar ya ƙafe, to, madalla. Kadan ruwa na nan, ƙasar laka ce, ba dutsen da zai sa ta sha, sai ka ja kwata zuwa waje. A fadama ma haka, gama ruwa yana kusa.

Sa'an nan ka lura da yawan ruwan. Rufin da ke da ƙafa 20 tsawo da ƙafa 20 faɗi, in an yi ruwa inci 1, yakan zubo da wajen garwa 50.

Ramin iri biyu ne. Na farko shi ne wanda akan cika da duwatsu. Zaɓi masu tauri, kamar dunƙulen hannu, ko gutsattsarin jan bulo wanda aka gasa. Ka tankaɗe su tukuna, kada ƙasa ta bi su. Ruwa a tsakanin duwatsun yake zama, watau kashi 1 cikin 3 na ramin kaɗai ke ɗaukar ruwa. Saboda haka garwa 50 tana bukatar rami mai ƙafa 5 kowane gefe, zurfi ƙafa 4. Manya a ƙasa, tsakuwa a bisa. Kada ka zuba yashi ko shara, suna toshe shi. Tubalin ƙasa kuwa da marmara mai rugurgujewa, damina ɗaya sun koma taɓo.

Na biyu shi ne wanda akan gina gefensa a bar cikinsa wofi. Wannan ƙarami ya isa, faɗi ƙafa 4, zurfi ƙafa 3 daga bakin kwata. A gina shi da jan bulo ana barin ƙofofi tsakaninsu, ko da zoben siminti irin na rijiya wanda aka huhhuda, a zuba tsakuwa a bayansa. A jigawa wannan ya fi, domin rairayi yakan rufta. Ganga tana da araha, amma ta ƙarfe tsatsa takan cinye ta, ta roba ta fi daɗewa. Tilas a rufe bakin da murfin siminti mai ƙarfi. Itace gara takan ci shi daga ƙasa ba ka sani ba, har ran da yaro ko akuya ta taka.

Kowane ka zaɓa, nisanta shi daga bango ƙafa 16, daga rijiya ƙafa 100. Kada ka haɗa shi da masai. Sa raga a bakin kwata ta tare ganye da kara, ka riƙa share ta bayan kowane ruwa.

Ku dagatai da masu unguwa, ku karanta wa jama'arku wannan takarda. A tara duwatsu tun da rani, a gama aiki kafin ruwan fari, gama in ƙasa ta jiƙa haƙa ya zama haɗari.