Ceri ba ta yi a ƙasarmu, magaryar aure ita ce madadinta

Tun da wayoyi suka cika gari, hotunan bishiyar ceri da jajayen 'ya'yanta suke yawo a hannun jama'a. Masu sha'awar dashe a Tamawa da sauran garuruwan Kurfi da Dutsin-Ma kan tambaya ko za ta yi a tsakar gida. Amsar ita ce ba za ta yi ba, kuma ba laifin ƙasa ko taki ba ne.

Ceri bishiyar ƙasashen sanyi ce, Turkiyya ce ma ta fi kowace ƙasa nomanta. Tana zubar da ganye ta yi barci a lokacin sanyi, kuma ba ta farkawa ta yi fure sai ta sha sanyin da bai wuce digiri 7 ba na ɗaruruwan awoyi, wasu nau'o'in ma sai sun haura awa 1,000. Hunturunmu, duk da yadda yake sa mu rawar ɗari da asuba, da wuya ya sauka zuwa nan, kuma da hantsi ya ɗaga rana ta kore shi. Ko tsiron ya kama, zafin bazara na Afrilu da Mayu, mai haura digiri 40, zai gasa shi. Ruwan madatsar Zobe kaf ba zai maye gurbin wannan sanyin ba.

Sai dai akwai bishiyar da muke wucewa kullum a bakin gona ba mu ko kalle ta ba: magarya. Yara su tsinki 'ya'yanta, awaki su ci ganyen, a sare ƙayarta a yi shinge, a nemi ganyenta ranar wankan gawa. Matsalarta ɗaya, ƙwallo ya fi tsoka yawa. Wannan ce masu bincike suka gyara. A cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai a Jamhuriyar Nijar, Farfesa Dov Pasternak da abokan aikinsa sun yaɗa dabarar aura irin magaryar Indiya, kamar Gola da Seb da Umran, a kan magaryar gida. Mutanen Nijar suna kiranta tuffar Sahel. 'Ya'yanta sun ninka na daji girma sau da dama, ga tsoka mai garas-garas, ga sinadarin bitamin C mai yawa.

Hikimar auren a nan take: saiwar ta gida ce, ta saba da fari tana nutsawa can ƙasa neman ruwa, reshen baƙon kuma shi ke ba da manyan 'ya'ya. Wanda ya iya auren mangwaro ya riga ya san aikin. Ana iya yin sa a kan tsiron leda, ana kuma iya sare tsohuwar magarya a aura a kan sabon tohon da ta fitar. Sau da yawa a shekara ɗaya zuwa biyu ake fara cin 'ya'ya.

Lokacin dashe shi ne idan damina ta zauna, wajen watan Yuli. A haƙa rami mai zurfi da faɗin kamu biyu zuwa uku, a cakuɗa ƙasar saman da ruɓaɓɓen takin dabbobi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. A yage ledar a hankali kada ƙasar ta warwatse, a bar gurbin auren a sama da ƙasa, kada a binne shi. A nisanta ramin da katanga da masai, a bar kamar taku shida tsakanin bishiya da bishiya. Sannan a kewaye da ƙaya ko tsohon kwando tun ranar farko, domin akuya ba ta jiran gobe.

Shekarar farko ita ce mai wuya. A rani, a binne tulun ƙasa kusa da gindin, a riƙa cika shi ana rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali zuwa saiwa. Ruwan alwala ma ya isa ya raya ta.

Abu biyu ne masu dashe suka fi sakaci da su. Na farko, duk tohon da ya fito ƙasa da gurbin auren na uwar daji ne. In ba a cire shi ba zai danne baƙon, bishiyar ta koma magaryar da aka sani. Na biyu shi ne sassabe. Magarya a sabon reshe take haihuwa, don haka bayan an gama cin 'ya'ya, cikin bazara, sai a rage rassan sosai. Mai tausayin wuƙa ƙananan 'ya'ya zai girba. Akwai kuma ƙudan da ke yin ƙwai a cikin 'ya'yan, su zama tsutsa. A riƙa tsince waɗanda suka faɗo kullum ana binnewa da zurfi.

Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana da tsangayar aikin gona. Ya kamata ita da malaman gona na ƙananan hukumomin Kurfi da Dutsin-Ma su samar da irin magaryar auren, su koya wa matasa da matan gida yadda ake auren. Kai kuma mai gida, ka riƙe kuɗinka daga irin da ba zai haihu a nan ba. Tun yanzu ka shuka ƙwallon magarya a leda, ka nemi mai aure kafin damina ta zauna.