Me ya sa Kanada ke tallafa wa 'yan asalin ƙasar su karanci shari'a?

Daga 1927 zuwa 1951, dokar Kanada ta haramta tara kuɗi domin ɗaukar wa 'yan asalin ƙasar lauyan da zai nema musu haƙƙin filayensu, sai da izinin gwamnati. Ke nan wanda ake ƙara shi ne mai ba da izinin kai ƙarar.

Gurbin da wannan doka ta bari ne tallafin karatun shari'a ke ƙoƙarin cikewa. A 1973, lokacin da lauyoyi 'yan asalin ƙasar ba su kai goma ba, Jami'ar Saskatchewan ta buɗe musu shirin share fagen karatun lauya. A yau ƙungiyar Indspire na raba wa ɗalibansu kuɗin tallafi, ciki har da masu karatun shari'a. A 2018 kuma Jami'ar Victoria ta fara digirin shekara huɗu da ya haɗa dokar Kanada da dokokin gargajiyar waɗannan al'ummomi.

An fara ganin amfanin wannan fafutuka. A 2022 Michelle O'Bonsawin ta zama 'yar asalin ƙasa ta farko a Kotun Ƙoli.

Sai dai da sauran rina a kaba. 'Yan asalin ƙasar kashi 5 ne cikin 100 na al'ummar Kanada, amma sun haura kashi 30 na fursunonin gidajen yarin tarayya. Waɗannan fursunoni na buƙatar lauyan da ya san harshensu da tarihin zaluncin da aka yi wa iyayensu.