Kuɗi Sun Fita, Alat Bai Shigo Ba: Kukan 'Yan Gwari A Kasuwar Shasha

Tun kafin a kira sallar asuba manyan motoci suke fara shiga Kasuwar Shasha da ke bayan Ojoo, arewa da birnin Badun, ɗauke da kwandunan tumatir da buhunan albasa da tattasai da attaruhu. Waɗansu daga Kadawa da Kura ta Jihar Kano suka yi lodi, waɗansu daga Ɗanja, waɗansu kuma albasar Aliero da ta Sakkwato suka kwaso. Kowane ɗan gwari ya san ƙa'idar sana'arsa, watau tumatir ba ya jiran kowa. Kwandon da aka taya da daraja da sassafe, in rana ta take ba a sayar ba, sai a rabu da shi a kan abin da ya samu.

A cikin wannan gaggawa ne ake jin maganar da ta zama ruwan dare a kasuwar, wai alat bai shigo ba. 'Yar kasuwa ta zo daga Bodija ko Oje, ta taya, an sallama mata, ta latsa waya, ta nuna wa mai kaya an cire kuɗi daga asusunta. Shi kuwa tasa wayar shiru kake ji. In ya saki kaya, wataƙila kuɗin ba za su zo ba har abada. In ya riƙe, ga tumatir na ruwa, ga ɗan dako tsaye da kwando a ka, ga direba na jiran kuɗin mota don ya juya Arewa. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma nan da nan sai a fara ɗaga murya. Kasuwar da ta ga abin da ta gani a watan Fabrairu na 2021, sa'ad da 'yar gardama ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka rasa rayuka, aka ƙone rumfuna, har Gwamna Seyi Makinde ya rufe ta na ɗan lokaci, ba ta ɗaukar ɗaga murya da wasa.

DA CAN AKWAI MAI GIDA

Ciniki tsakanin Arewa da Badun ba yau aka fara shi ba. Unguwar Sabo da ke kusa da Mokola tun 1916 aka kafa ta. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna cikin Hausawan Sabo a farkon shekarun 1960, ya kuma fitar da littafi a kansu a 1969. Abin da ya tarar shi ne, fataucin shanu da na goro duk a kan bashi da amana suke tafiya. Falke ya kawo shanu ya sauka wurin mai gida, dillalin mai gida ya sayar wa mahauci bashi, mai gida kuma ya tsaya lamuni. In mahauci ya kāsa biya, mai gida ne zai san yadda zai yi da baƙonsa. Mai gida kuwa an san ƙofar gidansa, an san masallacin da yake salla, in kuma magana ta gagara sai a tafi gaban Sarkin Hausawa.

Yau wani sabon dillali ne ya shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa. Yana karɓar la'adarsa tun kafin ciniki ya faɗa, amma in kuɗi suka maƙale ba a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba.

Dalilin haka kuwa, kuɗin da aka tura ta waya hannuwa da dama suke bi. Da farko bankin mai saye zai cire su. Daga nan saƙo ya bi ta wani kamfani mai suna NIBSS, wanda bankuna da Babban Bankin Nijeriya suka mallaka, shi ne ya buɗe hanyar tura kuɗi nan take a 2011. Sa'an nan bankin mai kaya ya zuba su a asusunsa. A ƙarshe kamfanin waya ya kai masa ɗan saƙon da ake kira alat. Ko'ina a cikin huɗun nan aka sami tangarɗa, magana ta tsaya. Banki ya ce laifin sabis ne, kamfanin waya ya ce a tambayi banki, mai POS ya ce shi ma jira yake yi.

Ba wai babu doka ba. Tun 2018 Babban Banki ya yanke tarar naira 10,000 ga bankin da ya wuce awa 24 bai mayar wa mutum kuɗin da aka cire ba su isa ba. A watan Yuni na 2020 kuma ya ce rikicin na'urar POS kada ya wuce awa 72. To, amma awa 72 kwana uku ke nan, kwandon tumatir kuwa ba ya kwana uku yana jiran hukuncin banki.

AN DAƊE ANA KUKA

Masu shekaru ba su manta da watan Agusta na 2001 ba, lokacin da MTN da Econet suka fara aiki bayan kowannensu ya biya dala miliyan 285 kuɗin lasisi. A lokacin layi kaɗai ya kai naira 20,000 ko fiye, kira kuwa naira 50 ne minti ɗaya, ko da mutum sallama kawai ya yi layi ya katse. Kamfanonin suka ce lissafi da daƙiƙa ba zai yiwu ba tukuna. Sai ga Globacom a watan Agusta na 2003 ya zo da shi. Ran 19 ga watan Satumba na wannan shekara jama'a suka kashe wayoyinsu don nuna fushi, kafin shekara ta ƙare sauran kamfanonin ma suka bi sahu. Ashe abin ba gagara ya yi ba.

Rashin tabbas ɗin sabis ne ma ya sa wayoyi masu layi biyu irin su Tecno da itel suka sami karɓuwa ƙwarai. Ɗan kasuwa na riƙe layi biyu ne don in wannan ya ɗauke, wancan ya rufa masa asiri.

LAMBAR WAYA ITA CE RUMFA

Ga ɗan gwari lambar waya ta fi ƙarfin abin gaisuwa. Da ita manomi ke gaya masa farashi a gona, da ita direba ke sanar da shi ya wuce Jebba ko ya lalace a Ogbomoso, da ita kuma banki ke aiko alat. Don haka toshe layi daidai yake da kulle rumfa.

A watan Disamba na 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da umurni kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN. Ran 4 ga Afrilu 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 72 buga kira. A ƙarshen watan Yuli na 2024 aka wayi gari an toshe ɗimbin layuka, mutane suka yi cincirindo a ofisoshin kamfanonin waya, har Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ce a buɗe su, daga baya ta sa 14 ga Satumba ya zama wa'adin ƙarshe. Da yawa ba ƙin rajista suka yi ba. Sunan da ke kan layi ne ya saɓa da wanda ke kan NIN. Wanda ya yi rajista da Mamman a nan, can aka rubuta masa Muhammad, ko aka sa masa sunan gari a madadin na uba, kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne. Gyaran kuwa yini guda ne a layi, ko fiye, kasuwa na ci babu shi.

Har wa yau a watan Satumba na 2021 hukuma ta sa aka katse sabis a Jihar Zamfara da waɗansu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga. Wannan ba laifin kamfanoni ba ne, amma mazauna kudu sun ɗanɗana kuɗarsu, suka yi makonni ba su ji muryar iyali ba, ba su kuma san halin da kayansu ke ciki ba.

SHEKARAR DA NAIRA TA ƁUYA

Babu lokacin da asirin na'urorin nan ya tonu kamar farkon 2023. Babban Banki a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka janye tsofaffi, sababbi kuwa suka yi wuyar gani. Aka ce kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Da jama'a suka rufta gaba ɗaya, sai hanyoyin bankuna suka cushe. Masu POS suka shiga sayar da naira da naira, zanga-zanga ta ɓarke a Badun a farkon Fabrairu. Mai sayar da buhun hatsi na iya kulle sito ya jira, amma ɗan gwari ba shi da wannan gata. Sai ran 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi. A wannan tsakani ne 'yan kasuwa da yawa suka koma ga OPay da Moniepoint da PalmPay, don a lokacin nasu ya fi saurin tafiya.

Ran 14 ga Maris 2024 kuma manyan wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka tsinke daura da gaɓar Kwaddebuwa, harkar bankuna da dama ta tsaya cik. Wanda ke zaune kan buhun albasa a Shasha bai taɓa ganin tekun ba, amma a aljihunsa abin ya ƙare.

LA'ADA BA TA MAƘALEWA

Abin da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne, kuɗin ciniki na maƙalewa, amma caji bai taɓa ɓatan hanya ba. Daga Maris 2021 aka sa naira 6 da kwabo 98 a kan amfani da lambobin nan masu tauraro da ake latsawa a ƙaramar waya don tura kuɗi. Bankuna da kamfanonin waya suka yi shekaru suna rigima kan bashin wannan caji, har a watan Yuni na 2025 aka koma cire shi daga katin waya. A Disamba 2024 harajin naira 50 na kuɗin da suka kai naira 10,000 ya shafi su OPay ma. Ran 20 ga Janairu 2025 NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 bisa 100, saƙo ya tashi daga naira 4 zuwa 6, kuɗin alat ma ya bi shi.

Kamfanonin suna da tasu hujja. Sun ce tun 2013 ba a yi ƙari ba, ga tsadar man janareta, ga faɗuwar naira, ga masu aikin hanya da ɓarayi na tsinka musu waya. Hujja ce mai kama hankali, sai dai wanda ya biya ƙari yana da haƙƙin ya ga aiki.

ABIN YI

Akwai 'yan dabaru da ke rage asara. Kada a dogara da alat kaɗai, gama 'yan damfara na aiko na jabu; a duba abin da ke cikin asusu tukuna. In kuɗi suka maƙale, a adana rasit da lambar cinikin, wanda aka cire wa kuɗi ya kai ƙara bankinsa, ya karɓi lambar shaidar ƙarar. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, Babban Banki na da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Ƙarar kamfanin waya kuwa, in an kai masa bai saurara ba, ana buga 622 kyauta a sami NCC. Mai son a daina damunsa da saƙonnin talla sai ya aika STOP zuwa 2442. Wanda kuma sunansa ya bambanta a banki da NIN da layi, ya gyara tun kafin rana ta ɓaci.

Amma ɗan gwari guda ɗaya, wanda watakila bai yi boko ba, ba zai iya ja da banki ba. A nan ne aiki ya rataya a wuyan shugabannin kasuwa da na ƙungiyoyin 'yan albasa da tumatir, a Shasha da Sabo baki ɗaya. In suka sa magatakarda guda yana rubuta kowane kuɗin da ya maƙale, da ranar, da sunan banki, suka kai ƙara da sunan ƙungiya, muryarsu za ta fi zuwa nesa, kamar yadda ta masu waya ta je a 2003. Haka nan in dattawan Hausawa da na Yarabawa suka yarda da tsari guda na abin da za a yi da kaya in alat ya yi jinkiri, da wanda zai tsaya lamuni kafin kuɗi su bayyana, an toshe wata ƙofar fitina. Aikin da mai gida ya yi wa fatake a Sabo shekaru aru-aru bai ƙare ba, har yanzu kasuwa na bukatarsa.