Tushen Yaƙin Biyetnam

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya ɗauka yaƙin Biyetnam ya soma ne a watan Maris na 1965, lokacin da mayaƙan Amurka suka sauka a Da Nang, to ya kama reshe ya bar tushe. Tushen ya kasu kashi biyu, wato mulkin mallaka na Faransa, da kuma tsoron kwaminisanci da ya kama shugabannin Amurka.

A wannan gari na Da Nang ne Faransawa suka fara kai hari a 1858. A 1887 suka haɗa Biyetnam da Kambodiya ƙarƙashin gwamna guda, daga baya suka ƙara da Laos. Suka buɗe manyan gonakin roba, suka ɗora haraji, suka riƙe cinikin gishiri da giya a hannun hukuma kaɗai. Talaka ya zama ɗan ƙwadago a ƙasar kakanninsa.

Cikin wannan hali Ho Chi Minh ya tashi. A 1919 ya kai kokensa taron sulhu na Faris, yana neman a ba mutanensa haƙƙoƙinsu, amma ba wanda ya kula shi. Da Turawan Yamma suka juya masa baya sai ya karkata ga koyarwar Lenin, wadda ta fito fili ta la'anci mulkin mallaka. A 1930 ya kafa jam'iyyar kwaminis, a 1941 kuma ƙungiyar Viet Minh, domin yaƙar Faransa da Japan wadda ta shigo ƙasar a 1940. Saboda haka tun daga farko kishin ƙasa da kwaminisanci suka cuɗu a Biyetnam, har raba su ya yi wuya.

Bayan faɗuwar Japan, Ho ya yi shelar 'yancin kai a Hanoi ranar 2 ga Satumba, 1945. Faransa ba ta yarda ba, yaƙi ya ɓarke a ƙarshen 1946. Cikin rundunarta har da sojojin da ta ɗebo daga Afirka ta Yamma da ta Arewa, wato waɗanda aka mallaka aka tura su yaƙar waɗanda ke neman fita daga mallaka.

Abin da ya jawo Amurka shi ne nasarar Mao a ƙasar Sin a 1949, da yaƙin Koriya a 1950. Daga nan ta daina ganin rikicin a matsayin na mulkin mallaka. Kafin 1954 ita ce ke biyan mafi yawan kuɗin yaƙin Faransa. Shugaba Eisenhower ya kamanta ƙasashen yankin da abubuwan da aka jera a tsaye, in ɗaya ya faɗi sai ya bi da sauran. Duk da wannan gudummawa, Janar Giap ya karya Faransawa a Dien Bien Phu ranar 7 ga Mayu, 1954.

Yarjejeniyar Janeba ta raba ƙasar biyu na ɗan lokaci, bisa sharaɗin a yi zaɓen haɗewa a 1956. Ngo Dinh Diem, shugaban Kudu, ya ƙi zaɓen, Amurka kuwa ta goya masa baya, domin ana kyautata zaton Ho ne zai ci. Da aka toshe hanyar ƙuri'a sai ta bindiga ta buɗe. A 1960 aka kafa ƙungiyar tawaye a Kudu da taimakon Arewa, a 1963 hafsoshin Diem suka kashe shi, sannan rikicin Tekun Tonkin na 1964 ya ba Shugaba Johnson damar tura runduna.

A taƙaice, Amurka ta gaji yaƙin da Faransa ta kasa, tana ganin tana tare kwaminisanci ne, alhali Biyetnamawa da yawa baƙo kawai suke gani ya maye gurbin baƙo. Kafin Saigon ta faɗi a 1975, sojojin Amurka fiye da 58,000 sun halaka, Biyetnamawa kuwa miliyoyi.